Ƙungiyar masu zanen tsirrai a Kano: ina za mu baje aikinmu, ta ina labari zai riƙa iso mana?

“Assalamu alaikum Malam. Ni malamar zane ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano. Mu kaɗan ne muka haɗu, da malamai da ɗalibai da wasu masu sha'awa, duk Asabar muna zanen itatuwa da furanni da ganyayyaki. Yanzu mun zama ƙungiya, ni ce sakatariya. Damuwarmu biyu ce: ba ma jin labarin gasa ko baje koli sai an gama, kuma ba mu san inda za mu kai aikinmu a gani ba. Wasu a cikinmu suna cewa mu nemi na ƙasashen waje kai tsaye, tunda a nan ba wanda ya damu da zanen ganye. Mece ce shawararka?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya sa wa wannan zama naku albarka.

Idan na fahimce ki, abu uku kike tambaya a dunƙule: ta ina labari zai riƙa iso muku a kan kari, waɗanne ƙofofi ne a buɗe ga ƙungiya irin taku, sannan da gida za a fara ko da waje. Ta ƙarshen ita ce ke yanke sauran, don haka da ita zan soma. Na daɗe ina yi wa masu bincike da ɗaliban da ke rubuta kundin digiri zanen tsirrai, galibi da tawada, kuma abin da zan ce wa masu son a tsallaka waje kai tsaye shi ne su ɗan dakata. Ban ga aikinku ba, balle in ce bai kai ba. Dalilina daban ne. Manyan wuraren baje kolin nan na waje kusan abu ɗaya suke nema: tarin zane a kan jigo guda, kowane tsiro da tabbataccen sunansa, kowane sashe nasa yadda Allah ya halicce shi. Irin wannan tarin ba ya haɗuwa cikin wata biyu don an ga sanarwar gasa. Aƙalla sai an ci shekara, domin itace ba ya fure don wani ya ƙagu.

Abin da alƙalan wannan fage ke dubawa

Zanen fure na ado, irin wanda ake ratayawa a falo, mai shi yana da damar ƙara ganye ko rage shi, ya sa launin da ransa ya so. Zanen tsirrai sharaɗinsa shi ne masanin tsirrai ya kalla ya ce wannan kurna ce ba magarya ba, tun kafin ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Kurna da magarya 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna da ƙaya bibbiyu a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, da manyan jijiyoyi uku da suka taso daga gindin ganyen. Amma ki juya ganyen magarya, za ki ga bayansa ya yi fari-fari da gashi mai laushi, na kurna kuwa kusan sumul yake. Wanda bai juyo da ganye ko ɗaya ba a zanensa bai raba su ba, komai kyan fentinsa.

A cikin fagen ma hawa biyu ne. Akwai zanen kimiyya zalla, baƙi da fari, wanda a shafi ɗaya za a ga reshe, ganye gaba da baya, fure a tsage biyu ana ganin sassansa na namiji da na mace, ɗan itacen da irinsa, kowanne da ɗan layin awo a gefe da ke nuna ainihin girmansa. Akwai kuma mai launi, da fentin ruwa ko fensir mai launi a kan farar takarda, yawanci daidai girman tsiron, inda ake auna gaskiyar halitta da kyan tsari tare. Ku tantance tun yanzu wa ya fi ƙarfi a wanne, domin gasar kowanne daban take.

Al'adar tsohuwa ce a Turai. Mujallar Curtis ta zanen tsirrai tun 1787 take fitowa a Ingila, kuma a 2008 lambun Kew da ke Landan ya buɗe zaure mai sunan Shirley Sherwood, na wannan zane kaɗai. Tsirranmu ma sun daɗe a littattafai, sai dai ta hannun baƙi. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, daga baya shi da wani masanin tsirrai mai suna Hutchinson suka fitar da babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. Kusan duk aikin wannan kundi daga busassun ganyen da aka danne aka kai Landan aka yi shi. Ku kuwa kuna iya zama a gindin itacen da ransa, da safe ku gan shi, da yamma ku koma. Wannan dama ba kuɗin da ke sayenta.

Maganar cewa a nan ba wanda ya damu, ban yarda da ita ba. Ba a nuna wa mutane ba ne. Hasali ma kuna da sauƙin da masu zanen fuska ba su da shi a garin nan. Iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da zane saboda batun surar mai rai, amma hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim sananne ne, inda ya ce wa mai sana'ar zane idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itace da abin da ba shi da rai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa ta malamai ce. Abin da na gani kawai shi ne uban da ya hana 'yarsa ajin zane yakan sassauta idan ya ga reshen tsamiya take zanawa.

Ƙofofin waje, da wadda ta fi kusa da ku

Wadda kowa ke ambato ita ce ta ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, da ake yi a Landan. Sai kwamitinsu ya tantance aikin mutum kafin a ba shi bango, kuma aƙalla zane shida ake kaiwa a kan jigo guda. Ana ba da lambar zinariya, da ta azurfa mai ruwan zinariya, da ta azurfa, da ta tagulla, kuma ba da juna ake gwada masu zane ba, da ma'aunin da aka gindaya ake gwada kowa. Zane ɗaya mai rauni a cikin shidan yana iya jawo sauran ƙasa. Ga kuɗin jirgi, ga biza, ga masauki da fam. Wannan ta gaba ce, ku ajiye ta a zuci.

A Amurka akwai cibiyar Hunt da ke jami'ar Carnegie Mellon a birnin Pittsburgh, wadda tun 1964 take shirya baje koli na duniya bayan 'yan shekaru, kuma sau ɗaya mutum ke shiga a rayuwarsa, saboda haka ba a tura mata aikin koyo. A Afirka ta Kudu masu zanen tsirrai suna da ƙungiya mai ƙarfi, da baje kolin da ya yi suna a lambun Kirstenbosch, kuma su ne suka fi cancanta ku rubuta wa ku nemi zumunci, tunda sun san wahalar takarda da kuɗin aike daga wannan nahiya. Ƙungiyar masu zanen tsirrai ta Ingila, SBA, da aka kafa a 1985, tana da kwas na difloma da ake yi daga gida, ga wanda aljihunsa zai ɗauka.

Guda biyu ne nake ganin sun dace da ku a kusa. Ta farko kyautar Margaret Flockton ce ta lambun tsirrai na Sidni a Ostiraliya, da aka fara a 2004 da sunan matar da ta yi wa lambun zane shekaru masu yawa. Ta zanen kimiyya ce baƙi da fari, a buɗe take ga kowa a duniya, kuma hoton aikin ake turawa ta intanet, ba sai takardar ta hau jirgi ba. Duk wanda ya taso yana riƙe alƙalamin kara da tawada a makarantar allo ya riga ya san sarrafa layi siriri da mai kauri, abin da ya rage masa shi ne sanin sassan fure. Ta biyu ita ce shirin da ƙungiyar masu zanen tsirrai ta Amurka, ASBA, ke jagoranta, inda kowace ƙasa ke shirya nata baje kolin a gida, duk a buɗe kusan lokaci guda, daidai 18 ga Mayu, sannan a yi musayar hotunan ayyukan a nuna a zaurukan juna. An yi a 2018 da ƙasashe 25 a kan tsirran asali na kowace ƙasa, aka sake a 2025 a kan ire-iren amfanin gona. Ki lura da tsarinsa: ƙungiya ake nema, wadda ta taɓa shirya baje koli ta kuma iya tantance aiki. Wato ko wannan ƙofa ta waje, mabuɗinta a gida yake.

Ranaku da kuɗin shiga da girman takarda suna canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka kada ki dogara da abin da wani ya faɗa miki, har da ni. Ki buɗe shafin masu gasar da kansu ki karanta ƙa'idar shekarar.

Jigon da babu mai shi sai ku

Nan zan ɗan zauna, domin nan ne ƙungiyoyi ke ɓata shekarunsu. Sabon mai zane hannunsa yana zuwa ne ga furen wardi da irin furannin da ya gani a Instagram. Alƙalin Landan ya ga wardi dubu, daga hannun mutanen da suka tsufa a kansa. Bai ga gawo ba. Itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da kowa ya yi kore, ya sake fitar da shi da rani, zane shida a kansa daga toho zuwa murɗaɗɗen kwansonsa da awaki ke rububi, jigo ne cikakke. Haka kuka: furenta fari ne, yana reto a dogon sili, da magariba yake buɗewa a farkon damina, jemagu ke masa barbara, kafin washegari ta yi nisa ya yanƙwane. Wanda zai zana shi sai ya kwana da shiri, ya ɗauki awo da launi da fitila, ya ƙarasa daga baya. Rimi da hunturu yake fure. Ɗorawa tana sako jajayen ƙwallayen furenta a cikin rani kafin ruwa ya sauka. Ƙuduji, abokin gabar manomin dawa da gero, yana da fure mai kyau ƙwarai a ƙarshen damina, kuma zanensa bai cika ba sai an tono an nuna inda ya manne wa saiwar dawar.

Kuna iya ɗaukar tsirran rini da ado: baban da marinar Ƙofar Mata ke rini da shi, lalle, karan dafi, bagaruwar da majema ke jima da ita. Kuna iya ɗaukar itatuwan da unguwanni suka ci sunansu, Kurna, Ɗorayi, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, jigon da duk Bakano zai tsaya ya kalla. Ko ku shiga Dawanau ku ɗebo kaura da farfara, gero da maiwa, acca, gujiya, ire-iren wake, ku bi su har gona don ganin furensu. Wanda duk kuka zaɓa, ku tsaya a kan guda na shekarar, a raba tsirran a tsakaninku, a yarda da girman takarda ɗaya. Zuwa baje koli da zane ɗaya na mangwaro, ɗaya na wardi, ɗaya na masara, kamar shiga Dawanau ne da tiya guda ta kowane hatsi, ba dillalin da zai tsaya maka.

Batun suna kuma kada ku yi wasa da shi. Sunan Hausa ɗaya yakan hau tsirrai biyu ko uku, tsiro ɗaya kuma yakan canja suna tsakanin Kano da Sakkwato. Sunayen kimiyya ma suna motsi: bagaruwa da gawo duk a da ana sa su cikin Acacia, yanzu kowanne an mayar da shi wani gidan. Ni mai zane ne, ba na yanke sunan tsiro da kaina. Abin da nake yi shi ne in yanko reshe biyu, ɗaya in zana, ɗaya in danne a tsakanin jaridu, in rubuta rana da wuri, in kai wa masana. Sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero yana da ma'ajiyar busassun tsirrai, haka Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, babbar ta ƙasa kuma tana cibiyar binciken gandun daji a Ibadan. Ku samu masani ɗaya ya zama uban ƙungiya, ya riƙa duba zanen fensir kafin a sa fenti, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Inda za a baje a gida

Ba sai an sami zauren zane na musamman ba. Ƙofofin da zan ƙwanƙwasa da ni ne ku su ne Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa, lambun Audu Bako da muke kira gidan zu, da cibiyar Alliance Française. Sai wuraren da tsiro shi ne abincinsu: cibiyar nazarin noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero, da ofisoshin cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT da ke nan Kano, masu aiki a kan wake da dawa da gero da gyaɗa. Irin waɗannan suna yin taruka, kuma bangon zauren taro yawanci fanko yake. Ƙungiyar masana tsirrai ta ƙasa ma tana taron shekara-shekara a jami'o'i daban-daban, kuma a nan ne masu buƙatar mai zane suke taruwa. Ku je da zane uku a hannu da takarda shafi ɗaya mai bayanin jigo da kwanakin da kuke so. Gani ya kori ji. Matasanku kuma su sa ido kan bikin zane na Inugu, LIMCAF, wanda tun 2007 yake karɓar aikin matasa daga ko'ina a ƙasar nan, duk da cewa na zane ne kowane iri.

Ranar buɗewa kada ku tsaya ga manyan baƙi da 'yan jarida. Ku gayyato masu sayar da saiwoyi da sassaƙe na Kurmi, da marina, da manoma biyu ko uku. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana tsinkar tafasa za ta gaya miki ganye nawa ke kan sili ɗaya ba tare da ta ƙirga ba, kuma ba ta jin nauyin faɗa. A ƙarƙashin kowane zane a rubuta sunan Hausa da boko da ajami, da sunan kimiyya, da inda aka samo tsiron, da sunan mai zane.

Idan kun yi nisa, rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, za ta ba ku damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda masu ba da tallafi kan tambaya. Ba abin gaggawa ba ne a shekarar farko.

Yadda labari zai daina wuce ku

Dalilin da ya sa kuke jin labari bayan an gama shi ne kuna ganin hotunan bikin ne, alhali kiran neman aiki yakan rufe watanni da dama kafin a buɗe zaure. Maganin shi ne mutum ɗaya, ba ke ba tunda aikin sakatariya ya ishe ki, a ɗora masa wannan kaɗai: ya buɗe imel na ƙungiya, ya yi rajistar wasiƙun labarai na ƙungiyoyin da na ambata, ya riƙe littafi da ranar da kowace gasa ta buɗe da ranar da ta rufe a bara, domin yawancinsu kusan lokaci ɗaya suke dawowa. Duk farkon wata ya fitar da shafi ɗaya da Hausa a WhatsApp. Abin da ya fi ranakun gasa amfani a wannan shafi shi ne labarin abin da ke fure yanzu da inda yake: ɗorawar wuri kaza ta fara, bado ya buɗe a kududdufin kaza. Bayan shekara biyu za ku ga kun mallaki kalandar furen Kano, abin da masu bincike da kansu za su zo nema a wurinku.

A yi hattara da gasannin da ke yawo a Facebook da Instagram, masu karɓar dala su ba kowa takardar yabo. Idan babu sunayen alƙalai, babu zauren da aka taɓa baje aiki, babu wata cibiya sananniya a bayansu, a bar su.

Takarda, ƙura da ciniki

Yanayinmu yana da nasa hukunci. Da hunturu fentin ruwa yana bushewa kafin burushi ya kai ƙarshen ganye, reshen da aka yanko kuma ya langaɓe cikin ɗan lokaci, saboda haka nakan sa shi a leda da jiƙaƙƙen auduga, in yi aikin launi da sassafe, in rufe takardar in bar ɗan wurin da nake aiki a kai kaɗai a buɗe saboda ƙura. Da damina kuma danshi ne da gara, don haka a ajiye zane a kwance, nesa da bango da ƙasa. Takardar auduga mai santsi, mai nauyin giram 300, ita ce ta aikin baje koli. Tana da tsada kuma sai an yi oda, ku haɗa kuɗi ku saya tare, a yi gwaji a kan mai araha. Za a samu mai cewa a yi fenti da zoɓo ko lalle don ya zama namu. Don wasa da gwaji babu laifi, amma ruwan zoɓo yana koɗewa, alƙali kuma yana son launin da zai daɗe. In ana neman namu a cikin fentin, ai yana ciki: ƙaro, irin wanda ake tsinta a Jigawa da Yobe da Barno, shi ne abin da ke riƙe fentin ruwa a jikin takarda.

Kowane zane a yi masa sikanin mai kyau kafin ya shiga firam, domin hoton waya ta bayan gilashi shi ke kayar da aiki mai kyau tun a zagayen farko. Idan ta kama a aika takardar kanta waje, a aika ba firam, a tsakanin kwalaye masu tauri, kuma a tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kan takardar da ke nuna ba kayan tarihi ba ne.

Ciniki kuwa, kada ku sayar da zanen asali na jigon shekara ɗaya-ɗaya, tarin zai watse kafin wata ƙofa ta buɗe. Ku buga kwafi, da katin gaisuwar sallah, da kalandar bango, waɗanda su ne aljihun mutanenmu ke ɗauka. Idan wani mai bincike ya nemi zane don kundinsa ko muƙalarsa, a rubuta a takarda tun kafin a fara: nawa zai biya, a ina zai buga, sunan mai zane zai fito a ƙarƙashin zanen, kuma takardar asali tana komawa hannun wanda ya zana. Ɗalibanki 'yan mata su ne aka fi yi wa “ai taimako ne”, saboda haka ke ki riƙa sa hannu a madadinsu.